An ba ni Forestiri maimakon Famasi, in karɓa ko in sake JAMB?

Autar Umma: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah shawara nake nema, kuma waɗanda suka san abin nake so su yi magana ba masu zolaya ba. Famasi na nema makina bai kai ba, sai aka ba ni Forestiri da kula da namun daji a tsangayar noma, wai shekara biyar ne. Baba ya ce shi dai a saninsa malamin daji shi ne mai kama masu saran itace a ƙauye yana cin su tara, Umma kuma ta ce me mace za ta je yi a daji a wannan zamanin da maza ma tsoron shiga suke. Ni kuma wlh na gaji da zaman gida. Me ake koya a kwas ɗin ne, kuma in an gama ina ake aiki?

Gaskiya Ɗaci: Wa alaikis salam. Ƙanwata ki sake JAMB kawai, kar ki bari a yaudare ki. Abokina da shi ya gama yanzu POS yake yi a bakin kasuwa. Shekara biyar ki ƙare a ƙirga bishiya, haba.

Maman Hanif: To ai masu POS ɗin har da waɗanda suka karanta lauya da injiniya, wannan ba hujja ba ce malam.

Malam Lakcara: Wa alaikumus salam. Ni wannan fannin nake koyarwa, bari in faɗa miki abin da ke ciki sai ki yanke hukunci da iyayenki. A yawancin jami'o'inmu shekarar farko kimiyya ce zalla, kemistiri, bayoloji, fiziks da lissafi, ta biyu kuma tare za ku yi da sauran 'yan noma, ƙasa, tsirrai, dabbobi, tattalin arzikin noma. Daga aji uku ake shiga fannin sosai, aji huɗu kusan duk firaktikal ne a fili, aji biyar ki yi furojet. Za ki koyi renon itace tun daga iri har ya isa sara, da awon daji, wato yadda za a auna kaurin bishiya a daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, a auna tsawonta, a yi lissafin katakon da ke cikin hekta ɗaya ba tare da an sare ko ɗaya ba. Akwai ilimin katako kansa, akwai haɗa noma da itatuwa a gona ɗaya, akwai namun daji, dokokin gandun daji, sai zana taswira da kwamfuta da karanta hoton tauraron ɗan'adam. Wanda ya shigo yana zaton ya guje wa lissafi zai sha mamaki, ƙididdiga ce ke kayar da ɗalibai fiye da komai.

Kuma ba sabon kwas ba ne, Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen tun 1963, yanzu kuma ana yi a Bayero, Danfodiyo ta Sakkwato, Maiduguri, Modibbo Adama ta Yola, Dutse, Dutsin-Ma, Makurɗi da sauransu.

Autar Umma: Na gode sosai Malam. To in na shiga zan iya canzawa zuwa Famasi bayan aji ɗaya? Wata ta ce min haka ake yi.

Malam Lakcara: Kar ki shiga da wannan niyyar. Canjin kwas yana yiwuwa in sakamako ya yi kyau kuma akwai gurbi, amma Famasi da likitanci gurbinsu a ƙayyade yake, su kansu masu jiran layi sun yi yawa. Mafi yawan waɗanda na ga sun lalace a sashenmu su ne waɗanda suka zauna da ƙafa ɗaya a waje, ba su samu canjin ba kuma ba su riƙe wannan ɗin ba.

Gaskiya Ɗaci: Malam duk wannan karatu ne, maganar aiki ake yi. Ina aikin? A faɗa mata gaskiya mana.

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna mini wannan magana ya ce in sa baki tunda aikin da na yi ke nan har na ajiye. Yarinya, mahaifinki bai yi ƙarya ba, haka mutane suka san mu, da kaki da keke ana kama mai gatari. Amma wannan ƙaramin ɓangare ne na aikin. Bayan farin 1973 da na 1984 gwamnati ta tashi tsaye, aka yi ta dasa shingen itatuwa masu tare iska a arewacin Kano da Katsina da Sakkwato da Borno, har da kuɗin Bankin Duniya, wanda ya bi wajen Ɗambatta zai ga layukan itacen turare da darbejiya, to hannunmu ne. A lokacin kusan kowace ƙaramar hukuma tana da lambun renon itace, a raba wa manoma kyauta da damina. Yanzu ki je ki duba da yawa daga cikin lambunan nan, an yanka filaye an yi gidaje. Ma'aikatan da suka rage mun tsufa mun fita, ba a ɗauki sababbi yadda ya kamata ba. Don haka yaron nan mai cewa ina aikin, in aikin jiha yake nufi, yana da gaskiya, babu yawa, albashin ma sai haƙuri.

Gaskiya Ɗaci: Yauwa Baba, Allah ya ƙara girma. Kun ji dai daga bakin mai abin.

Baba Mai Ritaya: Ban gama ba ɗana. Na ce aikin jiha babu yawa, ban ce ilimin ba shi da amfani ba. Ni da shi na aurar da 'ya'yana, kuma gonar mangwaro da kashun da nake ci yanzu da ilimin na kafa ta.

Renja: Bari in lissafo inda na san ana ɗaukar masu wannan digirin a tarayya. Akwai FRIN, cibiyar binciken gandun daji mai hedikwata a Ibadan, tana da tashoshi a arewa, har da ta binciken shingen itatuwa a Kano da ta Samaru Zariya, kuma kwalejojin daji na Jos da Afaka da na namun daji a New Bussa duk ƙarƙashinta suke, suna buƙatar malamai. Akwai hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, da aka kafa da doka a 2015, tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi, Gombe da Adamawa. Sai tamu, hukumar gandayen namun daji ta ƙasa, mu masu kaki ne ana mana horo irin na jami'an tsaro, ana iya tura ka Gashaka Gumti wanda shi ne mafi girma, ko Kainji, ko Kamuku, ko na Tafkin Cadi. Yankari kam tun 2006 ta koma hannun jihar Bauci. Amma fa kar in ɓoye, ba kullum ake ɗauka ba, in an buɗe kuma dubbai ne ke nema.

Maman Hanif: Renja tsakaninka da Allah za ka bar ƙanwarka ta yi aiki a Kamuku? Birnin Gwari fa. Ku tuna ɗaliban Afaka 39 da aka kwashe a Maris ɗin 2021, kuma kwalejin daji ce, ni abin da ya sa na fahimci tsoron mahaifiyarta ke nan.

Renja: Hajiya ba zan ce babu haɗari ba, mun rasa abokan aiki, Allah ya jiƙansu. Dajin Rugu, Kuyambana, Kamuku, Sambisa, duk gandaye ne na hukuma a takarda kafin su zama abin da suka zama, kuma ni a ganina janyewar ma'aikata daga cikinsu tana cikin abin da ya ba ɓarayi wuri. Amma ba kowa ke sintiri ba, akwai sashen bincike, akwai na wayar da kan ƙauyukan da ke kewaye, akwai na masu yawon buɗe ido, mata da yawa can suke. Afaka kuma a makaranta aka same su suna kwance a hostel, irin abin da ya faru a makarantun da ba ruwansu da daji.

Anti Mai Lambu: Autar Umma zo nan ki ji, ni mace ce kuma difloma ta daji na yi a Jos, ban taɓa aikin gwamnati ba ko na kwana ɗaya. Lambun renon itace nake da shi a bayan gari, ina yin auren mangwaro da lemo, ina renon gwaiba, zogale, dabino, darbejiya, maɗaci, da furannin ado na masu sababbin gidaje, waɗannan na ƙarshen ma su ke riƙe ni da rani. Daga Yuni zuwa Agusta kasuwa take, in damina ta zauna kowa sai ya tuna yana son bishiya. Wahalar ita ce ruwa, daga Maris zuwa Mayu in ba ki da rijiyar burtsatse ko sola to kina kallo dashenki zai ƙone a leda, sai kuma awaki, sai masu kwangila da za su kwashi dubban tsirrai su ce sai an biya su za su biya ki, akwai wanda har yau ina bin sa. Amma wlh da shi nake biyan kuɗin makarantar yara, ina da ma'aikata, kuma ba dajin da nake shiga. Abin da makaranta ta ba ni wanda masu sayar da fulawa a bakin titi ba su da shi, na san dalilin da iri yake ƙin tsirowa, na san haɗin ƙasa da taki da yashi, na san wace bishiya za ta rayu a Gumel wacce kuma sai Kafanchan.

Autar Umma: Anti wlh kin ba ni ƙwarin gwiwa. Zan karanta wa Umma wannan.

Gaskiya Ɗaci: To in lambu za a ƙare a kai me ya sa sai an yi shekara biyar? Ta je wajen Anti ta koya a wata shida mana.

Ɗan Taswira: Tambayarka tana kan hanya, bari in amsa ta wani gefen. Ni ma ba shi na nema ba aka ba ni. Abin da ya fitar da ni GIS ne, wato aikin taswira da kwamfuta, a aji huɗu na dage na koyi manhajar QGIS, kyauta ake sauke shi, da Kobo na tattara bayanai a waya, da Excel sosai ba na wasa ba. Yanzu da ƙungiyoyi masu zaman kansu nake aiki, mu auna filin da ya lalace, mu zana taswira, bayan an dasa mu koma mu ƙirga nawa suka rayu mu rubuta rahoto. Irin wannan aikin ba za su ba ka ba sai da digiri, kuma digirin kaɗai ma ba ya isa. Kuɗin gyaran ƙasa suna shigowa arewa, shirin gyaran ƙasa na ACReSAL kawai dala miliyan 700 ce daga Bankin Duniya, jihohin arewa 19 da Abuja, burinsu gyara hekta miliyan ɗaya. Su waye za su yi awon? Sau da yawa daga wani wuri ake kawo su saboda namu sun fito da takarda ba su iya buɗe taswira ba. Illarsa dai kwantiragi ne, in shirin ya ƙare ka koma nema, babu fansho.

Wanda kuma ya fito da sakamako mai kyau akwai tallafin mastas a waje, DAAD ta Jamus tana ɗaukar nauyin karatun dazuzzukan ƙasashe masu zafi a Dresden, sai dai suna son ka yi aiki na shekara biyu tukun, kuma masu nema a wannan fannin ba su kai na likitanci ko kwamfuta yawa ba.

Ɗan Maraɗi: Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Ni a jami'ar Maraɗi na yi karatun noma da muhalli, kuma ina so in ce wani abu da ban ji kowa ya faɗa ba. Ku duka maganar dashe kuke, dashe, dashe. Mu nan an yi dashen har an gaji, mafi yawa ya mutu, in ka cire irin shingen bedi, wato darbejiya, na kwarin Majiya da aka fara a 1975 wanda ya kama sosai. Abin da ya canza mana ƙasa sassaben zamani ne. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wajen 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan icce ne masu rai da saiwa a ƙasa, in ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka rage sauran ka kare su, cikin 'yan shekaru sun zama icce, ba leda ba ban ruwa. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da icce wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ka bi wajen Matamai ko Magariya ka ga gawo cikin gonakin hatsi, shi da ke zubar da ganye da damina ba ya hana hatsi rana, da rani kuma ya yi ganye ya ba bisashe 'ya'ya.

Kuma abin da ya sa ya yiwu, da can icce na gwamnati ne, manomi in ya bar shi a gonarsa ya jawo ma kansa tarar 'yan gandun daji, don haka gara ya kashe shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta manomi ya san iccen nasa ne sai ya fara tsaronsa da kansa. Don haka ƙanwata in za ki yi karatun nan ki koyi zama da manoma da mata masu itacen girki, rabin aikin magana da mutane ne, kuma akwai gidajen da namiji ba ya shiga ke za ki shiga.

Baba Mai Ritaya: Ɗan Maraɗi ka taɓo inda yake mini ciwo. Mu horon da aka ba mu na tsaro ne, daji na hukuma, talaka ɓarawo. Ranar dashen itace gwamna ya zo ya dasa ɗaya a ɗauki hoto a watse, ba wanda zai koma ya ga ko akuya ta cinye.

Malam Lakcara: Ana koyar da wannan dabara yanzu a darasin haɗa noma da itatuwa, amma zan ƙara da cewa ba ko'ina take aiki ba, sai inda akwai sauran kututture ko iri a ƙasa. Inda ƙasa ta zama fako ta daskare dole sai an haƙa ramukan rabin wata an tare ruwa an shuka, inda rairayi ke tafiya kamar wajen Yusufari kuma sai an kafe tudun tukun. Sanin wanne za a yi a ina shi ne amfanin shekara biyar ɗin da Gaskiya Ɗaci yake tambaya.

Mai Gawayi: Ni dai ina karantawa ina dariya, don na san ƙarshenta mu za a zaga. Ku faɗa min da kuɗin gas na yanzu me talaka zai dafa abinci da shi? Ku ma masu digirin gawayin kuke saya a wajenmu.

Anti Mai Lambu: Hhh ba wanda ya zage ka Alhaji, ni ma ina saya. Amma kai ma ka san kirya da marke sun yi nisa yanzu, da a kusa ake samu yanzu sai an shiga Neja ko Bauci ko Nasarawa, kuma kirya ba ta girma da wuri.

Mai Gawayi: Wannan gaskiya ne, kuɗin mota ma ya fi na gawayin yanzu.

Malam Lakcara: To ka ga kai ma kana buƙatar ɗalibanmu. Da za a ware fili a dasa itace mai saurin girma don wuta kawai, a riƙa sara kashi-kashi yana tohowa, da sana'arka ta ɗore. Dubi abin da ya faru da madobiya a Taraba, cikin 'yan shekaru aka yi ta lodinta zuwa Sin ana kayan ɗaki da ita, har sai da aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES ta kare nau'ukan da ke fuskantar ƙarewa daga 2017, daga baya ma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya, amma kafin nan an riga an yi ɓarna. Ga ƙaro kuma, Najeriya tana cikin manyan masu fitar da shi tare da Sudan da Cadi, daga dakwara ake samun mai daraja ta ɗaya, Yobe da Borno da Jigawa, ana sa shi a lemon kwalba da alawa da magani. Ga kaɗanya, ga ɗorawa, ga zuma. Duk kasuwanci ne da ke jiran wanda ya san itacen kuma ya san lissafi.

Gaskiya Ɗaci: Na ji duka, amma har yanzu ina kan bakana, mai Famasi yana gamawa ya san inda ya dosa, wannan kuwa sai ka yi ta haɗe-haɗe. In tana da halin sake jarrabawa kuma tana ganin za ta ci, ta sake.

Ɗan Taswira: A nan ban musa maka ba, Famasi ya fi tabbas. Sai dai ta duba tazarar makinta da wanda aka yanka, in kaɗan ne ta san abin yi, in da nisa ne kuma kar ta zauna shekaru tana jiran abin da ba lallai ya zo ba. Kuma Auta kafin ki biya kuɗin rajista ki je sashen da ƙafarki, ki nemi 'yan aji huɗu ba 'yan aji ɗaya ba, ki tambaye su ina ake kai su firaktikal yanzu, suna da lambun reno mai aiki, akwai ɗakin kwamfuta da ake koyar da taswira ko a allo kawai ake zanawa. Jami'o'in ba ɗaya suke ba a nan.

Autar Umma: Tazarar da nisa gaskiya. Na karanta wa su Baba, ya ce gobe yayana zai raka ni mu je mu gani, Umma dai ta ce ba ta yarda da maganar kaki ba ko kaɗan amma ta Anti ta kwanta mata. Anti in ana hutu zan iya zuwa in riƙa koyo a wajenki?

Anti Mai Lambu: Ki zo mana, ki min magana ta akwati. Amma ki sani cika leda da ƙasa za ki fara, kowa da shi yake farawa, ki zo da tsofaffin kaya da takalmin roba.

Ɗan Maraɗi: Anti tunda kina nan, kina renon gawo kuwa? Mutanenku na wajen Daura da Maigatari suna tambayata.

Anti Mai Lambu: Ina yi kaɗan, ba a cika saya ba, kowa turare yake so saboda saurin girma da azara, alhali shi bai dace da tsakiyar gona ba, yana shanye ruwa amfanin da ke kusa da shi ba ya yin kirki. Gawo irinsa tauri gare shi, sai an ɗan kankare bayansa ko a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana kafin a shuka, kuma saiwarsa zurfi take yi da sauri, in ya daɗe a leda ta nannaɗe ba zai yi kyau ba ko an dasa. Ka ce su yi oda tun Fabrairu in suna so, ba sai ruwa ya sauka su zo suna nema ba.